Ɗaurin Talala a Gidan 'Yata

Ni ganduroba ne, ko in ce na yi aikin ganduroba, don yanzu fansho nake ci. Na shiga aikin gidan yari ina saurayi siriri, wando ma sai da igiya yake zama a ƙuguna, na fito da tumbi da furfura da hawan jini. A tsakanin nan babu ƙofar da ban kulle ba. Na ƙirga fursunoni safe da yamma, na tsaya a kan rabon gabza, na tasa ƙeyar masu jiran shari'a zuwa kotu na dawo da su. Dokokin gidan kuwa na riƙe su fiye da yadda na riƙe karatun allo, abin da malamina ba zai yafe mini ba da yana raye. In sabon ma'aikaci ya tambayi abin da doka ta ce game da ziyara, ko abincin da dangi suka kawo, ba a buɗe littafi, ni ake nuna masa. Na ji daɗin wannan suna, ba zan ɓoye ba. Ina da son girma.

A shekarun ƙarshe na aikina aka shigo da sabon tsari, aka ce ba kowane mai laifi za a jefa bayan kanta ba. Wanda laifinsa bai taka kara ya karya ba, sai alƙali ya yanke masa aikin al'umma, ya share asibiti ko ya yashe kwata, ya kwana a gidansa, mu kuma mu sa masa ido. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu da dogon sunan da gwamnati ta raɗa wa abin ba, ɗaurin talala suke ce masa. Ni aka damƙa wa sashen a garinmu. Sharuɗɗan ba su da yawa, amma suna da cizo. Mutum zai riƙa kawo kansa ofis, ba zai bar ƙaramar hukuma ba sai da izinina, ba zai koma majalisar da ta kai shi ga laifi ba, kuma ina da ikon faɗo masa a gida ko a wurin aiki ba tare da ya san da zuwana ba. In ya kiyaye, wa'adinsa ya cika ya kama gabansa. In ya saɓa, in sanar da alƙali a mayar da shi ciki.

Kai, na ga dabara a wannan aiki! Akwai wani mai gyaran babur da aka yanke wa sharar harabar asibiti. Kullum in na wuce a mota sai in hango rigar nan mai ɗaukar ido da muke ba su, tana ta shara a can ƙarshen harabar, har na fara tunanin in yaba masa a gaban sauran. Ranar da na sauko na ƙarasa da ƙafa, sai na tarar wansa ne a cikin rigar, don suna kama. Gogan naka yana garejinsa yana kwance inji. Wannan labari na ba da shi a gidana ya fi a ƙirga. In miƙe ƙafa a tabarma, kwanon tuwo a gabana, in ce wa iyalina, "Ni ba riga nake tsaro ba, mutum nake tsaro. Kuma duk ranar da kuka ga mai laifi ya cika ladabi, ku bincike shi." Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce in ci tuwona kafin ya huce. 'Yata ta fari kuwa sai ta zuba tagumi tana saurare, ko ƙiftawa ba ta yi. Ni a lokacin daɗi nake ji, wai ana sha'awar hikimata. Ashe horar da ita nake yi.

Wannan 'ya sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Ta karanta likita, ta yi aure, ita da mijinta injiniya suka koma Doha da aiki. Tana can tana duba marasa lafiyar wasu, mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini ne, ashe ta daɗe da ajiye magani ba ta gaya wa kowa ba. Kafin Mamana ta samu jirgi an riga an kai ta makwancinta. Da ta iso ba ta yi wani kuka a gabana ba. Ta dai ɗaga katifar uwar, ta tattaro ƙwayoyin maganin da aka tura ƙarƙashi, ta zauna a bakin gado tana kallonsu.

Shi ya sa da ƙirjina ya fara yi mini nauyi bayan na yi ritaya, ba a tsaya shawara da ni ba. Aka sa ni a jirgi sai Doha. Likitoci suka zura wani ɗan abu a jijiyar zuciyata don ta buɗe, aka sallamo ni zuwa gidan Mamana a unguwar Al-Sadd, can saman wani dogon bene, inda in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai motoci da wasu benayen. Ina jin ƙarfin jikina na ce to alhamdu lillahi, a nemo mini tikiti. Ina da gida, ina da majalisa a ƙofar gida, ina da darbejiyar da ni na dasa, kuma kabarin matata yana inda ƙafata za ta kai ni ranar Juma'a. Gida nake so, ba wani abu ba.

"Baba, za ka koma gida," in ji Mamana, "amma sai na gamsu."

"Ki gamsu da me?"

"Da cewa in ba na kusa za ka yi abin da aka ce."

Ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta shiga jero mini. Magani a kan lokaci, ba gishiri, ba maiƙo, ba goro, tafiyar ƙafa kullum, kuma ba zan yi nisa da unguwa ba sai ta sani. Sannan ta buɗe wani ɗan kwali ta fito da baƙin agogo mai santsi, ta ce in miƙo hannu. Wai yana da layin waya a cikinsa, yana ƙirga takuna, yana sauraron bugun zuciyata, yana kuma nuna mata inda nake a wayarta.

Na dubi agogon, na dube ta. "Mamana, wannan ai ɗaurin talala ne."

"Kai ka faɗa, Baba."

"In na saɓa fa?"

"A ƙara wa'adi."

Mijinta yana gefe, ya sunkuyar da kai yana danne dariya, kunyar surukuta ta hana shi sakinta. A takarda ma ita ce kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, fasfona kuma yana cikin durowar falo tare da sauran takardun gidan. Ko mu da muke aikin gwamnati ba mu taɓa samun kayan aiki irin nata ba. Da ina da irin wannan agogo a zamanina, wallahi da mai gyaran babur bai yi mako yana yi mini wasa da hankali ba. Sai da na gama jin kishi irin na ɗan sana'a, sannan na miƙa hannu.

Magani bai dame ni ba. Abinci babu gishiri ma na haɗiye, ko da yake na sanar da ita cewa gabzar gidan yari kanta ana ɗan barbaɗa mata. Tafiyar ce ta tsaya mini a rai. Lokacin zafi ne, kuma zafin Doha ba irin namu ba ne da za ka fake a gindin bishiya ka sha iska, wannan in ka fito sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Sai Mamana ta ce in riƙa shiga wani katafaren ginin kantuna da ke kusa da mu, mai sanyi, in yi ta zagaye a ciki. Ku duba fa! Dattijo da babbar riga da hula, yana kewaya kantin turare da na takalma, ba saye ba tayi. Masu gadin wurin suka fara gane ni. Na san irin kallon da suke yi mini, don na yi wa mutane shi shekara da shekaru. Wani ma ya taɓa bin bayana yana magana a oba-oba, har na so in tsaya in gyara masa, don ya matso da yawa.

Wata rana ina jan carbi na lura cewa in na ɗan kaɗa hannu, agogon ɗauka yake tafiya nake yi. Sai na mayar da shi hannun dama, na kishingiɗa a doguwar kujera, ina istigfari ina kaɗawa, ina neman gafara ina aikata laifi a lokaci guda. Ban ci ribar wannan dabara da yawa ba. Mamana ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta duba waya.

"Ma sha Allah, Baba, yau ka yi tafiya mai nisa," in ji ta. "Sai dai duk a falon nan ka yi ta, kuma zuciyarka ko gezau."

Aka ƙara wa'adi. Mai hankali da a nan ya tuba. Ni kuwa darasin da na ɗauka shi ne dabarar ce ta 'yan koyo, agogon nan ƙafa ta gaske yake so da zuciya ta gaske, kuma ba dole ba ne su zama nawa.

A masallacin unguwa na haɗu da wani mutumin Kumasi. Ina neman takalmina na ji wani yana zuba Hausa a waya, irin tasu ta Zango, na ji kamar an ba ni ruwan randa. Magidanci ne, ya manyanta, yana aiki a filin jirgin sama na Hamad, tattara kurar da fasinjoji ke tura kaya. Yana haya da abokan aikinsa a wani tsohon gini bayan namu. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, in ba ya wurin aiki to yana zagaya unguwa yana waya da iyalinsa. Muka saba, har yakan ɗan sammini goro a ɓoye. A ƙa'idar aikina irinsa ake kira mugun aboki, amma in za a yi adalci ni ne mugun abokin, shi bawan Allah girmama furfura ce ta ja masa.

Da na kawo masa maganar, sai da ya ja baya. "Alaji, ɗiyarka likita ce fa."

"Ni kuma ubanta ne," na ce masa.

Muka tsara. Ranakun da yake aikin yamma, in an idar da sallar asuba sai in kwance agogon in ɗaura masa, ya zagaya unguwa da shi, ni kuma in koma cikin masallaci in jingina da ginshiƙi a sanyi, ina lazimi ina gyangyaɗi, da hantsi ya dawo mini da kayana. Na ja masa kunne sosai. Kada ya wuce Al-Sadd, kada ya yi sauri, ya riƙa tsayawa yana hutawa kamar yadda tsoho zai yi. Ina cikin ba shi wannan umarni sai mai gyaran babur da wansa suka faɗo mini a rai. Ban bar tunanin ya yi nisa ba.

Abu ya yi kyau. Mamana ta duba waya ta ce, "Baba, zuciyarka fa ta miƙe, kamar an canja maka wata." Na ce ikon Allah ke nan. Ta yi wani murmushi da rabon da in gan shi a fuskarta tun mahaifiyarta na da rai. Abin ya sosa ni, amma na haɗiye shi da lomar tuwo marar gishiri. Don in ƙara wa aikin kyau sai na ƙara ladabi. Na daina ƙorafin abinci, ina shan magani a gabanta, har sannu da aiki nake yi mata tun daga bakin ƙofa. Ni da bakina na koya mata abin da ake yi wa mai laifin da ya cika ladabi, amma na manta. Ta fara kallona ta gefen ido. Ta ɗora ni a kan sikeli, ta ce abin mamaki, tafiya tana ƙaruwa, tumbi yana nan inda yake.

Da na sake tayar da maganar tikiti, sai ta ce a ɗan ƙara lokaci, akwai abin da bai yi mata daidai ba. Nan fa raina ya ɓaci, irin ɓacin ran marar gaskiya, wanda ya fi na mai gaskiya zafi.

"Ni fa ba fursunanki ba ne," na ce mata. "Ni na haife ki. In na ga dama gobe-goben nan sai in kama hanya, da izininki ko babu."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," in ji ta, ta shige kicin.

Tana shigewa na buɗe durowar falo na zare fasfona na cusa a aljihu. Ba tafiya zan yi ba, ni da ko sayen tikiti a waya ban iya ba. So nake kawai ta buɗe ta ga wayam, ta san ubanta yana da sauran ƙarfi.

Washegari bayan asuba na ɗaura wa mutumin Kumasi agogo kamar kullum, na koma jikin ginshiƙina, wayata a aljihu na kashe mata sauti saboda salla. Hantsi ya yi, ya wuce, babu shi babu labarinsa. Daga baya na ji abin da ya faru. Wani abokin aikinsu ne ya kwana ba lafiya, aka kira shi ya maye gurbinsa ba shiri, motar ma'aikata ta kwashe shi sai filin jirgi, agogo a hannunsa. Sai da suka yi nisa ya ankara, ya yi ta kirana ban ji ba. Ni dai na jira na gaji, na dubi hannuna na gan shi fayau. Maimakon in koma gida in nemi mutumin, sai zuciyata ta ce ai yau ranar afuwa ce. Na gangara tashar Metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, na sauka a Mushairib, na nemi wani ɗan gidan abinci a wani lungu, wanda aka taɓa kwatanta mini a masallaci cewa suna gasa rago. Na ce a kawo shinkafa da nama, a ƙaro gishiri a gefe. Na naɗe hannun riga na yi bisimilla. Jama'a, ba zan yi ƙarya ba, naman nan ya yi daɗi.

Sai da na suɗe yatsu na ciro waya don in ga ko azahar ta yi, tunda babu agogo. Kiran Mamana na gani jere reras, ya cika fuskar wayar, ƙarƙashinsa na mutumin Kumasi. Ina cikin kallo ya sake kira.

"Alaji, kana ina?"

"Ina nan, cikin gari."

"Alaji, ɗiyarka tana filin jirgi. Ta same ni a wurin ajiye motoci ina tura kura, ta kama hannuna. Agogon yana wurinta. Ba ta yi mini faɗa ba, amma yadda na gan ta ɗin nan, don Allah ka zo."

Na biya kuɗin naman na fito da sauri. Daga Mushairib akwai layin da ke zuwa har filin jirgi, na shiga na zauna na rasa inda zan sa idona. A dokarmu, wanda ya tsere ya dawo da ƙafarsa ana yi masa sassauci, musamman in ya zo da uzuri mai ƙarfi. Sai na shiga neman uzuri. Na san su kaf, don duk an kawo mini su a ofis, mantuwa, sharrin shaiɗan, zugar abokai, rashin fahimtar sharaɗi. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, na tuna babu wanda na taɓa karɓa daga bakin kowa.

Mutumin Kumasi ya tare ni a wurin ajiye motoci, jikinsa sharkaf da gumi, yana ta ba ni haƙuri. Na ce ya bari, laifin nawa ne, ya koma bakin aikinsa. Ya nuna mini motar. Mamana tana zaune a mazaunin direba da rigar asibiti a jikinta, wata leda a cinyarta. Na buɗe ƙofa na shiga. Motar a rufe take ga sanyi, nan take ƙamshin gasasshen rago ya tashi daga babbar rigata ya cika ta. Ban ma buɗe baki ba shaida ta gama bayani.

Ba ta dube ni ba, idanunta sun kaɗa sun yi ja. A hankali ta gaya mini yadda aka yi. Da safe ta buɗe durowa ta ga babu fasfo, ta ce a ranta fushi ne zai huce. Tana tsakiyar duba marar lafiya wayarta ta yi ƙara, agogo yana sanar da ita zuciyar Baba tana gudu fiye da kima. Ba ta san mai tura kura a rana ne ke ɗauke da shi ba. Ta duba ta ga filin jirgi. Ta kira, ta kira, shiru. Ta bar wa abokiyar aikinta marasa lafiya, ta biya gida, sannan ta yo nan tana bin agogon a waya, har ya kai ta ga wani mutum da ba ta taɓa gani ba.

"Na ɗauka ka tafi, Baba," in ji ta. "Na ga yadda zuciyar ke bugawa, na ce yanzu zai faɗi cikin mutanen da ba su san shi ba."

"Haba Mamana, ai ni ba zan..."

"Ba zuwa na yi in hana ka ba. Ka bar maganinka a kan tebur. Na ce in dai tafiyar ce, kada ka hau jirgi babu shi." Ta ɗauki ledar ta ɗora mini a cinya. "Na Umma a ƙarƙashin katifa na same shi. Naka na ce gara in kai maka da hannuna."

Duk uzurin da na tara a jirgi ya watse. Na yi shekaru maza suna sunkuyar da kai a gabana, ban san nauyin kan ba sai a ranar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, tausayinta kuma ya fi kunyar. Na ce mata na amsa laifina, a ƙara wa'adi, duk abin da ta yanke na cancanta. Ta ɗauki agogon ta jefa a aljihun gaban mota ta rufe.

"Khalas, Baba," in ji ta, kalmar da Larabawan nan ke rufe magana da ita. "Babu sauran wa'adi. Zan saya maka tikiti."

Ta kuwa saya. Na samu abin da nake nema, sai dai kwanakin da suka rage mini a gidan su ne mafi tsawo da na yi a Doha. Gishiri ya dawo kan tebur, ita da kanta ta ajiye shi kusa da farantina, na kasa taɓa shi. Tana gaishe ni safe da yamma da cikakken ladabi, amma babu sauran "Baba, ka sha magani?" Sai in ɗauki kwalbar in girgiza ta da ƙarfi don ta ji, ba ta waiwayo ba. Na koma ginin kantunan nan na zagaya da gaske, da ƙafata da zuciyata, na dawo ina haki, na zauna a falo ina jiran a tambaye ni ina na je. Babu wanda ya san na yi sai mai gadin nan na oba-oba.

A cikin kwanakin ne na tuna wani dattijo da aka taɓa yanke wa sharar tashar mota. Wa'adinsa ya cika, na sallame shi, amma mako na zagayowa sai ga shi a bencin ofishina, hula a hannu. Na ce masa, "Malam, ka gama fa, me kuma kake nema?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na saba a tambaye ni." Shi ma wannan na ba da labarinsa a gida, a cikin labaran ban dariya na sa shi. Ina zaune a falon Al-Sadd da kwalbar magani a hannu, na nemi abin dariyar na rasa.

Ranar tafiya suka raka ni filin jirgin, ita da mijinta. Mutumin Kumasi ya turo mini kura da kansa, ya gaida Likita daga nesa-nesa, ya yi gaba da sauri. Muka isa inda masu rakiya ke tsayawa. Mijinta ya yi mini addu'a ya ja gefe. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na sake gyara hula.

"Mamana, agogon nan, yana aiki a can gida?"

"In an sa masa layin can, yana yi."

"To, ko yana mota?"

Ta zuge jakarta. Yana ciki, cike da caji. Na ce a raina, to, 'yar ganduroba ce, ta san za a dawo benci. Na miƙa mata hannu, ban ankara ba ashe biyu na miƙa, a haɗe, yadda aka yi ta miƙo mini su tsawon aikina. Ta kalli hannuwan ta fashe da dariya, hawaye na zubo mata, ni ma nawa idon bai tsira ba. Ta zaɓi na hagu ta ɗaura, ta matse shi fiye da na farko.

"Ba a ba da shi aro, Baba."

"Ba a bayarwa."

Yanzu ina gida, ƙarƙashin darbejiyata. Da safe in zagaya unguwa da ƙafata, ranar Juma'a in taka har maƙabarta in dawo. Abokan majalisa sun sa ni gaba da tsiya, wai yari ya zama fursuna, ni kuwa in nuna musu agogon in ce ku naku wa yake tambayarku. Kwanan baya da la'asar na ratsa ta layin masu tsire, na tsaya wurin wani tsohon sani. Ban gama sallama ba wayata ta yi ƙara, na ɗauka tun kafin ta yi ta biyu.

"Baba, me kake yi a nan?"

Na ce gaisawa na tsaya yi. Ta ce in gaishe shi daga tsallaken titi. Na tsallaka.